Ruwan dam ba a watan Agusta ake rage shi ba

Duk shekara zancen ɗaya ne. Da marka ta kankama sai saƙonni su cika WhatsApp da Facebook: an buɗe Tiga, an buɗe Challawa, mutanen Wudil da Ringim da Haɗejia su yi ta kansu. Bazara na yi kuma sai kukan ya juya. Masu kwale-kwale su ce an zuƙe musu ruwa, waɗanda suka ɗebo iyali zuwa bakin tafki yawon Sallah su tarar da taɓo da kututture inda suka bar ruwa bara. Koke biyu ne masu tushe ɗaya. Mutanen da ke zaune a bakin dam ba su san inda ake so ruwan ya tsaya a kowane wata ba, kuma ba wanda ya ɗauka cewa haƙƙinsu ne su sani.

A fara gyara wata fahimta. Galibin madatsun da aka yi a Kano tun zamanin Audu Bako jinga ce ta ƙasa da aka daddaɓe, da bututu mai bawul (abin buɗe ruwa da rufe shi) a ƙasanta, sai hanyar malala a gefe, wato bakin kankaren da rarar ruwa ke bi ta wuce. Hanyar malalar nan yawanci ba ta da ƙofa. Ruwa na kai bakinta zai zuba da kansa, ko injiniya yana nan ko yana barci. Saboda haka da yawa daga abin da ake kira "an buɗe dam" cika ce kawai ta yi ta tumbatsa. Abin da ke hannun ɗan Adam shi ne bawul ɗin nan na ƙasa, shi kuwa a hankali yake aiki.

Ga lissafin, da tafki matsakaici a matsayin misali. Idan faɗin ruwan murabba'in kilomita 4 ne, rage mita 1 na nufin fitar da kubik mita miliyan 4. Bututun da ke fitar da kubik mita 2 a daƙiƙa yana fitar da 172,800 a rana, don haka sai ya yi kwana 23 a buɗe kafin mitan nan ɗaya ya tafi, in har ba wani ruwa da ke shigowa. To juya ta ɗaya gefen. A ce ƙasar da ke zubo wa tafkin ruwa murabba'in kilomita 200 ce, aka yi ruwan milimita 80 a dare ɗaya, ƙasa ta riga ta ƙoshi har kashi ɗaya cikin uku ya gangaro. Sama da kubik mita miliyan 5 ke nan. Abin da bututu ya yi mako uku yana fitarwa, dare ɗaya ya mayar har da ƙari. Wanda ya jira sai Agusta sannan ya ruga wurin bawul ya makara. Gurbin da ruwan marka zai zauna tun Mayu da Yuni ake tanadar sa.

A nan ne rigimar take, domin Mayu da Yuni su ne watannin da kowa ke son a riƙe ruwa. Mai noman rani yana son ban ruwan ƙarshe, masunci ba ya son tafki ya tsuke, mai wurin shaƙatawa yana son ruwa ya zo har gindin rumfarsa. A 'yan shekarun nan ma abin ya ƙara cakuɗewa, don Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara: a 2025 ƙaramar Sallah ta zo ƙarshen Maris, babba kuma farkon Yuni, daidai lokacin da ya kamata ruwa ya kasance ƙasa. Duk mai matsa wa ma'aikacin dam lamba ya rufe bawul domin baƙin Sallah su sami ruwan ɗaukar hoto, ya sani da ran mutanen gangare yake ciniki. Masu jera buhunan yashi a bakin hanyar malala don su ƙara rabin mita kuwa, nasu ya fi muni. Tazarar da ke tsakanin saman ruwa da saman jinga an bar ta ne domin igiyar ruwa da ambaliyar ba-zata. Jingar ƙasa tana jure ruwa a gefenta shekara da shekaru, amma ya bi ta kanta na 'yan sa'o'i, zai ci bayanta ya tsaga ta.

Kano ta ga wannan. A Agustan 1988 dam ɗin Bagauda, wanda wurin shaƙatawarsa ya yi suna a lokacin, ya ɓalle bayan ruwa mai yawa. Tiga, da aka kammala a 1974 tana ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2, an rage tsayin hanyar malalarta da mita 3.5 a 1992 domin a sauƙaƙa wa jingar nauyi. An haƙura da ɗimbin ruwa da gangan. Mutanen Maiduguri kuma ba sa buƙatar a tuna musu daren 10 ga Satumba 2024 da abin da madatsar Alau ta yi.

Abin da nake kira a yi mai sauƙi ne a baki: kowane dam ya sami jadawalin ruwa na wata goma sha biyu, rubutacce da Hausa, a manne a ƙofar dagaci da masallacin Juma'a da tashar kwale-kwale. Injiniyoyi sun san irin wannan jadawali, sai dai a ofis yake zama. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba tafki ya cika. Daga Nuwamba zuwa Maris ana sakin ruwan noman rani da na sha gwargwadon ƙa'ida. Afrilu da Mayu ana duba abin da ya rage a haɗa da hasashen damina na hukumar yanayi ta NiMet da na ambaliya da hukumar lura da koguna ta NIHSA ke fitarwa, a yanke mita nawa za a bari fanko kafin Yuli. In shekarar an yi hasashen ƙarancin ruwa, a rage kaɗan. Wannan hukunci ne mai haɗari ta ɓangare biyu, don in ka zubar da yawa damina ta yi gardama, kai manoman rani za su zaga a Kadawa da Kura. Shi ya sa ya kamata a yanke shi a bainar jama'a, kowa ya ji dalili.

Akwai kuma ruwan da ba wanda ya saka amma yake tafiya. A wannan yanki rana da iska suna shanye kusan mita 2 daga saman tafki a shekara, mafi yawa a bazara. Milimita 7 a rana a kan murabba'in kilomita 100 kubik mita 700,000 ne. Da yawa daga zargin "sun sayar da ruwanmu" wannan ne, kuma sandar awon tsayin ruwa da littafin rubuta awon za su kashe gardamar.

Rage ruwan ma yana da nasa sharaɗin, a nan masu gaggawa ke yin ɓarna. Jingar ƙasa tana shan ruwa kamar soso. Ruwan tafki yana danne fuskarta ta ciki yana tallafe ta. Idan aka sauke tafkin da sauri, tallafin ya tafi amma ruwan da ke cikin laka bai sami lokacin tsiyayewa ba, sai fuskar jingar ta yi nauyi ta zame. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada saukar ta wuce santimita 15 zuwa 30 a rana, in jingar yumɓu ce sosai ma a yi ƙasa da haka. Gaɓar tafki inda aka gina rumfuna da matakala haka take zaftarewa. Bawul kuma a juya shi kaɗan-kaɗan, a kuma riƙa motsa shi aƙalla sau biyu a shekara ana sa masa giris. Bawul ɗin da ya shekara biyar ba a taɓa ba, ranar da ake neman sa ko dai ya ƙi buɗuwa ko ya buɗe ya ƙi rufuwa.

Mabuɗin bawul ya zauna a hannun hukuma, ko Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are ce ko ma'aikatar ruwa ta jiha. Ban yarda a damƙa shi ga kwamitin gari ba, don ranar da ɗan sarkin noma ke buƙatar ruwa za a ga abin da ba a so. Aikin mutanen gari ido ne da rubutu. Kwamiti ƙarami ya isa: sarkin ruwa, wakilin manoman rani, na makiyaya, na masu kwale-kwale, mace ɗaya ko biyu daga masu wanki da sarrafa kifi, da mutum ɗaya daga ƙauyen da ke gangare, wanda shi ne kullum ake mantawa. A kafa sandar awo mai zanen santimita a jikin kankare, inda ba za ta motsa ba. Mutum ɗaya ya karanta ta kullum bayan asuba kafin iska ta tashi, ya rubuta a littafi, ya ɗauki hoto ya tura zauren WhatsApp. Da marka sau biyu a rana. Shekara uku na wannan littafi ya fi duk wani taron bita amfani.

Sai tattaki a kan jinga, sau ɗaya a wata da rani, duk mako da damina, da kuma washegarin kowane babban ruwa. Ana duba bayan jingar ne musamman, can ƙasa. Kowane dam na ƙasa yana ɗan tsatsafo, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Launin ruwan ake dubawa. A tara a kwalba mai haske a ajiye awa ɗaya. In garau yake, a rubuta a ci gaba da lura. In laka ta kwanta a gindin kwalbar, ruwan yana kwashe cikin jingar ne yana haƙa wa kansa hanya, a kira injiniya a ranar. Haka in aka ga ciyawa ta yi shar a wuri ɗaya tsakiyar rani, ko tsaga ta ratsa saman jinga daga gefen ruwa zuwa baya, ko wani wuri ya lotsa. Shurin gara da ramin gafiya a tone a cike da yumɓu a daddaɓe. Ƙananan itatuwa a cire su tun suna tsiro. Babbar bishiya kuwa kada a sare ta haka kawai a tafi, domin saiwar za ta ruɓe ta bar bututu a cikin jinga, aikin injiniya ne. Shanu su sami mashaya a gefe, hanyar da kofato ya sassaƙa a jikin jinga ita ruwan sama ke bi ya yi zaizaya.

Lokacin da ruwa ya ja baya shi ne lokacin aikin bakin tafki, kuma shi ne lokacin da ake shuka mutuwar damina. Masu yin bulo da masu ɗiban yashi suna haƙa ramuka a busasshen gindin tafki. Ruwa na dawowa ya rufe su, yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa sai ya faɗa ramin mita biyu. Wurin da aka ware na wanka a hana haƙa a cikinsa gaba ɗaya, a cike ramukan da ke akwai kafin Yuni, a kwashe kwalabe da tsofaffin koma, a ɗaura jarkoki masu launi a igiya su nuna iyakar zurfin ƙirji. Igiyar nan kuma a riƙa matsar da ita yadda ruwa ke motsi, don iyakar Janairu ba ita ce ta Mayu ba. Kututturan da suka bayyana a hanyar kwale-kwale a sa musu alama tun ana ganin su. Kusa da bakin bututu da hanyar malala kuwa ba wanka ba su, ruwan wurin yana ja ta ƙasa. Hatsarin kwale-kwalen Bagwai na ƙarshen Nuwamba 2021 a ruwan Watari, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya, ya isa ya sa kowane kwale-kwale ya ɗauki rubutun adadin mutanen da zai ɗauka, da rigar ruwa ga kowane fasinja, a kuma daina tashi da magariba.

Hawa da saukar ruwa yana da amfanin da masu son tafki ya zauna cike kullum ba sa gani. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya a ruwa marar zurfi mai ciyawa yake zama, janyewar ruwa tana barin da yawansa a rana. Ba ta ƙarar da shi, don wani yana shigewa laka, shi ya sa sai an haɗa da raba maganin praziquantel a makarantu da gina bandaki nesa da gaɓa. Ciyawar kachala ma ruwan da ba ya ƙafewa take so, duk wanda ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejia da Nguru ya san haka. Yankan ta a busasshiyar ƙasa wahalar banza ce, za ta tofo. A yanke ta ƙasa da saman ruwa da kamar taƙi ɗaya, lokacin da ruwa ke hawa, kututturen ya nutse ya rasa iska. Kifi kuma, tarwaɗa a ciyawar da sabon ruwa ya mamaye take zuba ƙwai, karfasa tana yin gurbinta a gaɓa. Makonnin farkon hawan ruwa sarkin ruwa ya hana koma mai ƙaramin ido, gidan sauro ya koma kan gado.

Noman gaɓa shi ne abin da ya fi wuyar faɗa wa mutane. Ƙasar da ruwa ya janye daga kai tana da daɗin noma, amma duk kunyar da aka yi har bakin ruwa, ruwan farko zai kwashe ta da takinta ya zuba a tafki. Laka tana cin gurbin ruwa a ɓoye: sandar awo ta nuna dam ya cika, alhali abin da ke ciki ya ragu. Hanawa gaba ɗaya ba za ta yiwu ba. A bar zirin mita 20 zuwa 30 daga iyakar cikar ruwa ba garma, a dasa jema layi-layi, saiwarta tana riƙe ƙasa kuma masu saƙar faifai da zana za su amfana.

Kuɗin duk wannan ba shi da yawa: fenti, igiya, giris, katin waya, ɗan alawus na mai karanta sanda. Wani kaso na kuɗin shiga da ake karɓa ranakun Sallah ya isa, in ana karanta lissafinsa a gaban jama'a. Daga cikin kuɗin a ware na sanarwa. Idan littafi ya nuna saura santimita 50 ruwa ya kai bakin malala kuma hadari bai ɗauke ba, a kira masu unguwannin gangare ɗaya bayan ɗaya, a faɗa a lasifikar masallaci, a kai gidan rediyo, tun mutane na da kwana biyu ko uku na kwashe injin ban ruwa da dabbobi da buhunan da ke fadama.