Naira 30,000 na biya aka ce fim ya fi ƙarfin kaina

Ranar Asabar da ta wuce aka ci min mutunci a gaban ɗana, kuma da kuɗina na sayi cin mutuncin. Yaron ya gama jarabawa, ya yi mako biyu yana damuna: "Abba, wannan fim ɗin ba a kallonsa a waya, sai a babban allo, kowa haka yake faɗa." Na ce to. Muka nufi wani gidan sinima a nan Abuja. Mai sayar da tikiti ta ce akwai ɗakin gama-gari, akwai kuma na musamman, mai kujerar da ke kwantawa da lasifikoki har a rufi, naira 15,000 kowane mutum. Na cije na biya 30,000, ban da gugguru da ruwa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun 2024 yake naira 70,000, kusan rabin albashin wani bawan Allah na zube a kan kanta saboda awa uku.

Aka kashe fitilu. Hoton ya fito duhu-duhu kamar an rufa wa majigin tsumma. Kiɗa na dukan ƙirji, kujera na rawa, amma da 'yan wasa sun buɗe baki sai ka ji kamar daga cikin rijiya suke magana. Babu rubutu a ƙasan allo. Ana tsakiyar haka aka ɗauke wuta, muka zauna cikin duhu har janareta ya tashi, da hoto ya dawo kuwa an riga an tsallake wani wuri. A nan tura ta kai bango, na ja hannun yaro muka fito.

Na tarar da saurayin da ke kula da ɗakunan jingine da bango yana latsa waya. Ɗazu na ji yana Hausa da wani, don haka raina ya ɗan kwanta, na ce ɗan gida ne.

"Sannu da aiki, samari."

Bai ɗago ba. Na sake. Sai ya ce, "Uhm, Baba, yaya aka yi?" idonsa na kan waya.

Na ce masa ba ma jin magana, hoton ya yi duhu, kuma an tsallake wani wuri bayan ɗauke wuta. Na roƙa a duba na'urar, ko a mayar da mu ɗakin gama-gari a ba ni ragowar kuɗina. A nan ya saka wayar a aljihu, a hankali, ya bi ni da kallo daga hula har takalmi, ya dawo kan babbar rigata ya tsaya.

"Na'urarmu lafiyarta ƙalau. Haka darakta ya so."

Na ce darakta ne ya so a ɗauke wuta? Ya yi wani ɗan murmushi, ya waiwayi abokin aikinsa, ya ɗaga murya yadda mutanen da ke layin gugguru za su ji:

"Baba, ka ma san wanda ya yi fim ɗin nan kuwa? Duniya ce ta sallama masa. Irin wannan sai wanda ya saba. In Turancin ne ya yi maka nauyi, gobe da azahar muna sa na Hausa."

Abokin nasa ya tuntsire da dariya. Ɗana ya sunkuyar da kai, ya saki hannuna. Wallahi sakin hannun nan ya fi kuɗin ciwo. Ni da nake shiga sinimar Plaza da ta Wapa a Fagge tun ba a ɗaura auren uwar saurayin nan ba, ni da na shekara fiye da ashirin ina aikin ofis da Turancin nan, yau ni ake yi wa kallon hadarin kaji don na ce ina so in ji abin da na biya in ji. Kuma dubi abin da ya zaɓa ya zage ni da shi: harshen da ya sha a nono.

"Haka darakta ya so." Wannan magana ta daɗe tana ƙona min rai, domin daga sama aka koya musu ita. A 2014, lokacin Interstellar na Christopher Nolan, 'yan kallo a Amurka sun yi ta kukan ba sa jin magana, har wani gidan sinima a jihar New York ya manna takarda cewa kayan sautinsa lafiya lau, haka mai fim ɗin ya tsara. A 2020 aka sake wannan kuka a kan wani fim ɗinsa, Tenet. Nolan da bakinsa ya bayyana cewa kyamarorin IMAX, wato na ɗaukar fim don ƙaton allo, suna da ƙara, kuma ba ya son a sake naɗar muryar 'yan wasa bayan an gama ɗauka. To ina ruwan mai kallo da wannan? Tela ya ɗinka maka rigar da kai ba ya shiga, ya ce salonsa ke nan, sai ka yi masa tafi? Ana yabonka salla ka kasa alwala, a jiyar da mutane magana ai ita ce alwalar fim.

Ku tuna hayaniyar 2023 a kan Oppenheimer, shi ma na Nolan. Aka cika mana kunne cewa wanda bai gan shi a IMAX mai faifan milimita 70 ba bai ga komai ba, cewa tsawon faifan ya kai mil 11. Gidaje 30 kacal a duniya suka iya nuna shi haka a lokacin, a Amurka da Kanada da Ingila da Ostireliya da Jamhuriyar Cek. Ko ɗaya babu a Afirka. Amma da wannan kirarin aka tsuga mana kuɗi a nan. Na je na kalla. Awa uku, yawancinsu maza ne zaune a ɗaki suna gardama, abin da talabijin ɗin falona zai nuna ba tare da ya rage komai ba. Fim a kan bam ɗin da ya ƙone Hiroshima da Nagasaki a 1945, amma ba a nuna waɗanda suka ƙone a can ba. Yuraniyom ɗin da aka yi aikin da shi, mafi yawansa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka kwaso, amma ba ka ga fuskar mahaƙi ko ɗaya ba. Duk girman allon nan bai samu wurin da zai sa su ba. Aka ba shi kyautar Oscar bakwai, daga nan duk wanda ya ce uffan sai a ce bai waye ba.

Haka aka yi mana da 3D bayan Avatar a 2009. Aka ɗora mana tabarau mai dusashe hoto da sa ciwon kai, aka ƙara kuɗi, aka ce makomar sinima ke nan. Zuwa 2017 manyan kamfanoni sun daina ƙera talabijin mai 3D. Wa ya dawo mana da kuɗinmu? Yanzu an canza suna, an sa kujera mai girgiza, sakiyar da ba ruwa dai ita ce.

Kuma me zai hana su? Wa zai kai ƙara, wajen wa? Hukumomin da aka kafa don kare mai saye sai dai ka ji su a rediyo. Babu jami'in da zai shiga ɗakin nan ya auna hasken majigi, ya tambayi me ya sa ake kiran abu na musamman alhali fitilarsa ta gaji. An cire tallafin mai a Mayun 2023, an ninka kuɗin wutar Band A fiye da sau uku a Afrilun 2024, duk an juye a kan tikitinmu, kuma wutar ba ta tsaya ba. A Kano kuwa, su Orion da El Dorado da Queens da Palace, inda talaka ke shiga da 'yan silallansa ya ji kowace kalma, an bar su sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Ƙauyen fim da aka ce za a gina a Kofa a 2016 a takarda ya ƙare. Sannan mu kanmu, da mun ji suna daga Turai sai gwiwa ta yi sanyi. Mutum ya fito bai fahimci komai ba, ya tsaya gaban hoton fim ya ɗauki kansa ya watsa a Instagram, don kada a ce masa ɗan ƙauye. Mu muka raini yaron nan da ya ɗauka faɗin "na Hausa" zagi ne.

Na nemi ganin manaja, aka ce ya fita. Na nemi lambarsa, aka ce ba a bayarwa. Har muka isa gida ɗana bai ce min komai ba. Tikitin biyu suna nan a aljihun rigata, kuma ranar Litinin da safe zan koma da su.