Tagwayen da ba su yi kama ba su ma tagwaye ne

Wallahi maganar wani mutum ta ɓata min rai. Wata baiwar Allah ta sha ɗawainiyar ciki, ta sauka lafiya, Allah ya ba ta Hassan da Hussaina, shi kuma abin da ya gani kawai ɗaya fari ne ɗaya baƙi, wai "wannan haihuwar ba daidai take ba, a bincika." A bincika me? Abin da ya fi ƙona min rai, har da mata a masu taya shi.

Jama'a, wannan halitta ce, ba cuta ba ce, ba tawaya ba ce. A kowane wata, mace kan saki ƙwai ɗaya. Wani watan sai ta saki biyu, kowanne ya haɗu da tasa ƙwayar maniyyin, kowanne ya yi tasa mabiyiyar. Shi ke nan. Wa da ƙani ne da suka zo rana ɗaya. In 'ya'yanka da ka haifa shekara uku tsakani ba su yi kama ba kuma ba ka ce komai ba, me ya sa waɗannan za ka ɗaga murya? Masu kama sak, waɗanda ƙwai ɗaya ya rabu biyu, su ne ma 'yan kaɗan, kusan 3 zuwa 4 cikin haihuwa dubu ko'ina a duniya. Mafi yawan tagwaye ba sa kama.

Kuma abin yana bin jini ta wajen uwa, yana ƙaruwa in mace ta haura shekara 30 ko ta yi haihuwa da yawa. Yammacin Afirka na cikin inda aka fi samunsu a duniya. Ku je Igbo-Ora a jihar Oyo, garin da ya yi suna da tagwaye har suna yi musu biki. Duk garin ne ba daidai ba?

Wani zai ce ai likitoci na cewa cikin tagwaye na da haɗari. Ƙwarai, bakwaini, hawan jini, ƙarancin jini, shi ya sa ake son mai shi ta riƙe awo ta haihu a asibiti. Nauyin ciki daban, aibin halitta daban. Kada a haɗa.

Mu da muke da Hassan da Hussaini, muke da Gambo mai bi musu, tun kakanni mun san su. Amma har yau ana tsorata yara wai tagwaye na turo kunama. Kuma don Allah wa ya halatta zaunar da jarirai biyu a bakin titi cikin rana ana bara da su? Jiya na ga wata a gaban masallaci, yaran ko hula babu. Ina ubansu, ina dangi?