Ba wanda ya riga zuwa ake fara dubawa ba

Mutane da yawa idan aka tsallake su a sashen gaggawa na asibiti, sai su ce sanayya ce. Sau da yawa ba haka ba ne. Ƙungiyar likitocin gaggawa ta Afirka ta Kudu, EMSSA, tana da tsarin tantance marasa lafiya da launuka, kuma asibitoci a ƙasashen Afirka da dama sun ɗauke shi. Ma'aikaciyar jinya za ta auna bugun zuciya, numfashi, hawan jini da zafin jiki, ta ba mutum launi. Mai ja, a duba shi nan take. Ruwan lemo, cikin minti 10. Rawaya, awa ɗaya. Mai kore kuwa zai iya zaman awa 4, ko da tun asuba ya iso.