A raba mai sha da mai sayarwa

Na karanta labarin nan da ke cewa Jamus ta halatta wiwi a 2024, bayan Kanada ta yi a 2018, har wasu na tambaya ko a yi koyi da su. Ni dai ban yarda a halatta ba. Abin da ke gusar da hankali addini ya riga ya yanke hukunci a kansa.

Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Shekara goma sha huɗu ina zaune a Jidda, na ga yadda miyagun ƙwayoyi irin su kaftagon da shabu suka cinye 'ya'yanmu. Ɗan maƙwabciyata da ƙwayar hana barci ya fara, don ya jure aikin dare. Uwarsa ta ɓoye shi kusan shekara biyu saboda tsoron kamu, ga kuma matsalar iƙama, wato takardar izinin zama. Ba ta san dokar Saudiyya ta ce wanda ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, ba a gurfanar da shi ba. Kafin ta sani, yaron ya daina gane ƙannensa. Har yau in na tuna sai hawaye ya zo min.

Ƙasar Fotugal ma ba halatta ƙwaya ta yi ba, raba mai sha da mai sayarwa ta yi tun 2001. Mai shan kaɗan kwamiti ake kai shi a duba lafiyarsa, dillali kuwa kotu.

Malamanmu da shugabannin al'umma na Makka da Jidda, don Allah ku riƙa faɗa wa iyaye wannan doka ta neman magani da Hausa. Da yawansu ba sa karanta Larabci.