Haƙorin Lumumba da shirye-shiryen da ke sayar mana da zato

A ranar 20 ga watan Yunin 2022, a birnin Brussels, hukumomin Beljiyam suka miƙa wa 'ya'yan Patrice Lumumba wani ɗan akwati. Haƙori ne guda ɗaya a ciki, mai rufin zinare. Iyakar abin da ya saura ke nan daga jikin firaministan Kwango na farko, wanda aka harbe a daren 17 ga Janairun 1961 yana da shekara 35 a duniya. Ran 30 ga Yunin, ranar da ƙasar ke bikin samun 'yancin kai, aka yi wa haƙorin jana'iza a Kinshasa.

Talabijin na da hannu a dawowar wannan haƙori gida, shi ya sa ba na cikin masu raina shirye-shiryen tarihi da na binciken ƙwaƙwaf. Amma kuma ina ganin yawancin waɗanda ake zubo mana yanzu game da mutuwar manyan mutane, daga tashoshin tauraron ɗan'adam har zuwa gutsattsarin da ake ɗora wa muryar Hausa a YouTube da TikTok, ba wannan aikin suke yi ba. Kasuwar zato suke ci, kuma mu ne masu saye.

Bari mu ɗan tsaya a kan Lumumba, don a nan ake ganin yadda aiki na gaskiya yake. An kama shi a Disambar 1960, a watan Janairu aka ɗauke shi a jirgi zuwa Elisabethville, wato Lubumbashi ta yau, a lardin Katanga da ya ɓalle ƙarƙashin Moïse Tshombe. Tare da shi akwai Maurice Mpolo da Joseph Okito. Daren da suka sauka aka kashe su, a gaban manyan Katanga da hafsoshin Beljiyam. Sai a watan Fabrairu gwamnatin Katanga ta fito ta ce wai sun tsere daga inda ake tsare da su, mutanen wani ƙauye suka far musu. 'Yan Afirka ba su yarda ba tun a lokacin. To amma rashin yarda daban, hujja daban, kuma hujjar ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta taru. A 1975 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya bankaɗo cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta shirya sa masa guba, har an kai gubar Kwango, ko da yake ba ita ce ajalinsa ba. A 1999 wani masani ɗan Beljiyam, Ludo De Witte, ya fitar da littafi bayan ya tone wasiƙu da saƙonnin tangarahu na jami'an ƙasarsa. A daidai wannan tsakani ne wani tsohon kwamishinan 'yan sanda, Gerard Soete, ya zauna gaban kyamara ya faɗa da bakinsa cewa shi aka sa ya tono gawar, ya daddatsa ta, ya narkar da ita cikin ruwan asid don kada a sami kabarin da za a riƙa ziyarta. Ya kuma nuna haƙoran da ya ɓoye a matsayin tsaraba.

Duba abin da ya biyo baya. Majalisar dokokin Beljiyam ta kafa kwamiti, wanda a 2001 ya ce wasu daga cikin ministocin wancan zamani suna da alhaki a wuyansu. A 2002 ministan harkokin waje Louis Michel ya nemi afuwa. A 2016 masu shari'a suka ƙwace haƙorin daga hannun iyalin Soete, a 2020 kuma Juliana Lumumba ta rubuta wa Sarki Philippe na Beljiyam tana neman ragowar mahaifinta. Kowane mataki yana tsaye a kan wani abu da za a iya taɓawa: takarda mai kwanan wata, mutum mai suna da fuska yana cewa ni na aikata, haƙorin da aka ɗaga aka nuna wa duniya. Gani ya kori ji.

Yanzu sai a kwatanta da Gimbiya Diana ta Birtaniya. Ta rasu a ranar 31 ga Agustan 1997 bayan motar da take ciki ta daki ginshiƙi a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Alma a Paris. Ita da Dodi Fayed da direba Henri Paul suka mutu, mai gadinsu kaɗai ya tsira. Da wuya a sami mutuwar da aka bincika kamar wannan. Alƙalan Faransa sun yi nasu suka kammala a 1999. 'Yan sandan Landan ƙarƙashin Lord Stevens suka bi zarge-zargen kisa ɗaya bayan ɗaya, suka fitar da rahoto mai shafi sama da 800 a 2006. Sannan aka yi wata shida ana sauraron shaidu a bainar jama'a, a watan Afrilun 2008 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ganganci ne na direba da na masu ɗaukar hoton da suka biyo motar. Direban ya sha giya, yana gudun da ya ninka ƙa'idar wurin, kuma gimbiyar ba ta ɗaura bel ba. Duk da haka, kowace shekara watan Agusta na kamawa sai sabon shiri ya fito.

Na kalli irin waɗannan da dama, kuma ɗinkinsu iri ɗaya ne. Za a buɗe da ɗan kiɗa mai sa gaban mutum faɗuwa. A nuno ƙofar otal cikin hoton kyamarar tsaro mai dishi-dishi, a rage saurinsa har takun mutum ɗaya ya ɗauki rabin minti. Sai a kawo wani a ɗaki mai duhu, an rufe fuskarsa, an ce tsohon jami'i ne. Mai gabatarwa ba zai taɓa cewa wane ya kashe wance ba, don ya san akwai kotu. Tambaya zai jefo: shin me ya sa motar asibiti ta yi jinkiri? Ina farar motar nan ta shige? Kafin ka numfasa an tafi talla. Idan aka dawo ba za a amsa ba, wata tambayar za a ɗora a kan ta farko. Alhali jinkirin motar asibitin yana da bayani a rubuce: a tsarin Faransa likita ne ke zuwa ya fara ceton rai a inda hatsari ya auku kafin a ɗaga majinyaci, kuma jininta ya yi ƙasa ƙwarai har sai da aka tsaya a hanya. Amsar tana nan, mai shirin ya sani, ya zaɓi ya binne ta domin amsa ba ta riƙe mai kallo har ƙarshen sa'a.

Wani zai ce, ai ruwa ba ya tsami banza, kuma hukumomi sun saba yi mana ƙarya. Ban musa ba. Takardar shaidar mutuwar Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso, cewa ta yi mutuwar Allah da Annabi ya yi, alhali harsasai aka zuba masa tare da mutum goma sha biyu ranar 15 ga Oktoban 1987. Sai da Blaise Compaoré, wanda ya hau mulki bayansa, ya faɗi a 2014 aka tono kabarin a 2015, aka fara shari'a a 2021, a watan Afrilun 2022 kotun soja ta yanke wa Compaoré ɗaurin rai da rai ba ya nan. Saboda haka mai zargi ba mahaukaci ba ne. Amma a lura, abin da ya warware maganar Sankara tono ne da gwajin likitoci da shaidu a gaban alƙali. Mai shirin da ya taimaka aka kai ga wannan ya yi wa tarihi hidima. Wanda ya tattara jita-jitar da kowa ya sani ya sa mata kiɗa, bai ƙara mana komai ba sai tabbacin abin da muke so mu yarda da shi tun farko.

Wannan ya kawo ni gida, inda abin ya fi yi mini ciwo.

Janar Sani Abacha ya rasu a fadar Aso Rock ranar 8 ga Yunin 1998, aka kai shi Kano aka binne a ranar. Ran 7 ga Yuli, Cif Moshood Abiola ya yanke jiki yana tsare, a lokacin ganawa da tawagar Amurka da ta haɗa da Thomas Pickering da Susan Rice. Likitoci daga ƙasashen waje sun duba gawarsa suka ce ciwon zuciya ne. Mutum biyu da rikicin siyasar ƙasa ya rataya a kansu sun tafi cikin wata guda. Ba laifi ba ne mutum ya yi mamaki. Amma je ka kowace majalisar shayi ka tayar da zancen, za ka ji labarin tuffar da wai ta kashe Abacha da na kofin shayin da wai ya kashe Abiola ana ba da su dalla-dalla kamar mai maganar yana ɗakin. Yaran da ba a haifa ba a 1998 sun haddace su daga bidiyon minti takwas da wani ya haɗa da hotunan intanet, yana farawa da "an ce" yana ƙarewa da "Allah ne masani". A tsakanin waɗannan kalmomi biyu ya ɗora wa mutane masu suna, masu 'ya'ya da jikoki, laifin kisan kai. Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari, ta kuma gargaɗe mu game da yawan zato, amma sai ka ga mai tsoron Allah a sauran al'amuransa yana tura irin wannan bidiyo ga jama'a ba tare da ɗar ba.

Sai dai ba zan ɗora wa masu kallo laifin duka ba, don inda aka rufe ƙofar bayani dole jita-jita ta shigo ta taga. A 1999 Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa don binciken take hakkin ɗan'adam. An nuna zamansa a talabijin, mutane suka riƙa barin ayyukansu don su ga manyan hafsoshi, har da Manjo Hamza Al-Mustapha, suna ba da bahasi ana yi musu tambayoyi. Kwamitin ya miƙa rahoto a 2002. Gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, ƙungiyoyin farar hula ne daga baya suka sake shi. A Nijar ma haka. An harbe Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999, aka shaida wa 'yan ƙasa cewa hatsari ne, sannan aka sa afuwa ga masu juyin mulki a cikin kundin tsarin mulki. Sai da iyalinsa suka dangana da kotun ECOWAS kafin a 2015 a ce an tauye musu hakki. Gwamnatin da ta kulle takardu ba ta da bakin yin kuka idan 'yan ƙasa suka koma sauraron mai bidiyo.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu duba. Da zarar babba ya mutu cikin yanayi mai ɗaure kai, sai a ce kwanansa ne ya ƙare, a bar wa Allah. Gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana alƙalin Musulunci binciken jini ba. Abin da muke yi shi ne mu hana bincike a ranar da za a iya yin sa, sannan mu shafe shekara talatin muna zargin juna a bayan fage. Ni a ganina tambayar da aka yi a fili, aka rubuta amsarta, ta fi kusa da adalci fiye da shirun da ke haifar da ƙazafi.

To me nake nema? Daga mai kallo, abu kaɗan ne. In shiri ya ƙare, ka tambayi kanka: wace takarda aka nuna mini wadda ban sani ba a da? Wane ne ya yi magana da sunansa, kuma yana wurin da abin ya faru ko shi ma ji ya yi? An ba wanda ake zargi dama ya kare kansa? In amsar duka babu ce, ka kalla don nishaɗi in ka ga dama, amma kada ka tura wa kowa da sunan tarihi.

Daga masu sana'ar kuwa bukatata ta fi nauyi. Muna da matasa a Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi da suka iya kyamara da tace hoto fiye da waɗanda suka ɗauki Soete. Muna da tashoshin Hausa masu watsa shiri dare da rana. Kayan aikin ma suna nan: Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, tsofaffin kaset-kaset na gidajen rediyo da talabijin na gwamnati, faifan zaman kwamitin Oputa, tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. Shirin Hausa guda ɗaya mai sa'a biyu a kan daren 15 ga Janairun 1966, daren juyin mulkin farko a Najeriya, wanda aka gina da takardu da muryoyin waɗanda suka gani, ya fi bidiyo dubu na "sirrin da ba a taɓa faɗa muku ba". Na san aikin yana cin kuɗi da lokaci, kuma mai talla ya fi son abin da zai tara jama'a cikin dare ɗaya. A nan ne attajiranmu da jami'o'inmu za su shigo, su ɗauki nauyin tawagar da za ta shafe shekara tana aiki ɗaya.

Kuma a fara da mutane kafin takardu, don takarda tana iya jira kaɗan. Direbobi da masu gadi da ma'aikatan jinya da ƙananan sojojin da suka ga abin da ya faru a 1966 kaɗan ne suka rage, waɗanda suka ga kisan Janar Murtala a 1976 sun tsufa, na 1998 da 1999 ma furfura ta cika musu kai. A je gidajensu da kyamara, a gaishe su, a zauna a kan tabarma a saurare su, a rubuta suna da rana da wurin da aka yi hirar, a ajiye kofi a jami'a fiye da ɗaya.