Ku daina yi wa yarinyar nan dariya a kan kwal

Tun jiya ake yawo da bidiyon ɗalibar nan a tsaye gaban allo da zanen tsarin kwal, ana ta sheƙa dariya wai ta ɓata shekara huɗu tana zana saƙar zuma. Har da masu digiri a cikin masu dariyar. Wallahi raina ya ɓaci.

Jama'a, kwal ba shi da fomula guda ɗaya irin ta ruwa ko gishiri. Tsirrai ne da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi, zafi da nauyi suka matse su, suka zama zobban kabon masu sarƙe da juna, haɗe da haidirojin da oksijin da salfa da naitirojin. Dunƙule biyu daga rami ɗaya ma ba lallai su zo iri ɗaya ba. Dole ce ta sa masana ke zana samfuri, wato siffar da ta fi dacewa da abin da gwaji ya nuna. Fuchs da Sandhoff sun fitar da nasu a 1942, Peter Given a 1960, John Shinn a 1984. Yau samfuran sun haura ɗari. Duk waɗannan ba su san ciwon kansu ba ke nan?

Wani ya ce ai zanen ba ainihin kwal ba ne. To wa ya ce shi ne? Wani kuma ya ce duniya ta bar kwal. Ya je Maiganga a Gombe ya ga abin da ake ɗiba zuwa masana'antar siminti.

Tsarin nan ne ke nuna ko kwal zai narke ya dunƙule ya zama kok ɗin narka ƙarfe, ko iyakarsa ƙonawa. Na Inugu, da aka gano tun 1909, ba ya yin kok mai kyau. Na Lafia-Obi a jihar Nasarawa yana yi, amma toka da salfa sun yi masa yawa. Kullum muna kukan kamfanin ƙarafa na Ajakuta, ga wadda ke son fahimtar kwal ɗinmu, mun mai da ita abin ba'a. Yawancin samfuran nan a kan kwal ɗin Amurka da Turai da Sin da Ostireliya aka gina su. Namu wa zai zana, in ba irinta ba?

Ƙanwata, in wannan ya iso gare ki, kada ki karaya. Allah Ya yi wa karatunki albarka.

Af, masu cewa kwal da gawayi duk ɗaya ne, ku tsaya a hanyar Kachia ku ga motocin gawayin da ke shigowa gari. Dazukanmu ake sarewa, kuma ban ga mai yawo da bidiyon wannan ɓarnar ba.