Idan Sama'ila Ya Ji Kira, Ina Eli?

'Yan'uwa iyaye, fastoci da malaman makarantar Lahadi, mu Hausawa muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A harkar duniya gaskiya ne. Amma a Shilo, cikin 1 Sama'ila sura 3, tsohon firist Eli yana kwance idanunsa sun dushe, yaron da ke masa hidima ne ya ji muryar Ubangiji. Aya ta 7 ta ce a lokacin Sama'ila bai ma san Ubangiji ba tukuna. Sau uku yana ruga wa wurin Eli kafin tsohon ya gane wanda ke kiran, ya koya masa yadda zai amsa. Allah ne ya yi kiran, amma da bakin babba yaron ya koyi amsawa. A nan ne ikilisiyoyinmu da yawa suke da rauni.

Ba Sama'ila kaɗai ba ne. Wata ƙaramar yarinya da aka kamo daga Isra'ila ta zama baiwa a gidan Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ita ce ta gaya wa uwargijiyarta akwai annabi a Samariya, har Na'aman ya warke daga kuturta (2 Sarakuna 5). Yosiya ya hau gadon sarauta yana da shekara 8. Gurasar sha'ir biyar da kifi biyu da aka ƙosar da mutum 5,000 da su, a hannun wani yaro ne Andarawas, almajirin Yesu, ya same su (Yohanna 6:9). Ku lura, ba ɗayansu da aka ɗora a bagade aka ba shi makirfo. Kowa ya yi abin da ke gabansa, ya faɗi gaskiyar da ya sani.

To, me za ka yi ranar da ɗanka ya ce, "Baba, na yi mafarki," ko "Mama, Yesu ya ce in yi wa Kaka addu'a"? Zauna daidai tsayinsa ka saurara har ya gama. Tambaye shi, "Sai me ya faru?" Kada ka ce, "Ka ga mala'ika, ko?" domin yaro ɗan shekara biyar yana amsa abin da ya ga babba yana son ji, gobe kuma zai ƙara gishiri. Bayan haka a auna maganar da Littafi Mai Tsarki, kamar yadda 1 Yohanna 4:1 ta umarce mu mu gwada ruhohi. In abin addu'a ne ko neman gafara ko taimakon wani, a bar shi ya yi, ka tsaya kusa da shi. Kada a kai maganar gaban jama'a ranar Lahadi. Eli ma shi kaɗai ya kira Sama'ila da safe ya ji saƙon.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ake mayarwa "ƙananan annabawa". A sa musu kwat, su haddace wa'azin wani, a ɗauka a waya a watsa a Facebook. Yaron ya koyi cewa tafin jama'a shi ne alamar Ruhu, ranar da tafin ya ƙare bangaskiyarsa ta girgiza. Mafi muni, a tambayi yaro wane ne maye a gida ko a unguwa. Duk maganar yaro da ta nuna wani da yatsa a kan maita ko sata, a tsayar da ita nan take, a kira fasto da dattawa, kada ta fita daga ɗakin. Haka kuma kada a taɓa laƙa wa yaro maita don yana fitsarin kwance ko yana da farfaɗiya. Wannan aikin asibiti ne.

Makarantar Lahadi kuwa, dubi yadda take a wurare da dama: yara sittin a gindin bishiya, daga masu rarrafe har 'yan shekara 12, malama ɗaya da tsumagiya. A raba su kashi uku: shekara 3 zuwa 5, 6 zuwa 8, 9 zuwa 12. Kowane aji kada ya wuce yara 15 ga malami, kuma manya biyu su kasance tare da su koyaushe, don kare yaran da malamin. Ga ƙanana labari ɗaya na minti biyar zuwa bakwai ya isa, da gaskiya ɗaya tak, da waƙa mai motsa jiki. Manyan za su iya ɗaukar minti 20, su buɗe nassin da hannunsu su karanta. Aya ɗaya a mako, a harshen da yaron ke magana da shi a gida. Ayar Turanci da bai fahimta ba, sauti kawai ya haddace.

A bar minti biyar na ƙarshe don tambayoyinsu, kuma yara su riƙa yin addu'a da kalmominsu, ba "ku faɗa bayana" kullum ba. Wajen kiran karɓar Almasihu, kada a ce su ɗaga hannu a taro, domin in ɗaya ya ɗaga duka za su ɗaga, balle in alewa na jira. Wanda yake so ya zo bayan aji, a zauna da shi a inda kowa ke gani, ya bayyana da bakinsa abin da ya gane, sannan malami ya sanar da iyayensa a wannan makon.